Shawara ga masu ɗaukar hoton tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru

'Yan uwa, duk wanda ke son hoton tsuntsu na kusa, ya daina bin tsuntsun, ya bari tsuntsun ya zo ya same shi. Ku isa bakin ruwa da an idar da sallar asuba, ku zauna a gindin ciyawa sanye da tufafi masu launin ƙasa, domin farar riga tana tayar da tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya tun daga nesa. Ku ba rana baya, ku kashe fitilar kyamara da ƙararta, sannan ku sunkuya har idonku ya yi daidai da na tsuntsun, wanda a ganina shi ne abin da ke sa hoto ya yi rai.

Lokaci mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da tsuntsayen Turai ke sauka a wurare irin su Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe, sai dai ƙurar hunturu tana ɓata gilashin kyamara, don haka a lulluɓe ta da ƙyalle. Idan kun ga sheƙa da ƙwai, ku ja da baya, saboda uwar tana iya gudu ta bar su.