Sandar sunuka mai rage kaucewar fara: kurakuran da na gaji da gani

A cikin shekarar nan kaɗai, samari uku ne suka zo mini a wurin da muke buga sunuka a unguwar Yelwa da ke Garwa, kowannensu riƙe da sabuwar sanda mai tsada wadda aka aiko masa daga Duwala ko daga wani ɗan uwa a Turai, kuma kowannensu da ƙorafi iri ɗaya, wato tun da ya fara wasa da ita ƙwallo ta daina shiga rami. Dukansu sun sayi irin sandar nan da ake tallatawa da cewa tana rage kaucewar farar ƙwallo, dukansu kuma sun faɗa cikin ramukan da na faɗa shekarun baya. Na gaji da maimaita bayani a bakin tebur, shi ya sa na zauna na rubuta. Wasan da nake nufi shi ne wanda 'yan uwanmu na Najeriya suke haɗawa duka su kira sunuka, mu kuma a nan muke ce masa biyar kamar yadda yake a Faransanci, ba biyar ta lissafi ba.

Sai an san mene ne kaucewar kafin a gane inda kuskuren yake. Idan ka bugi fara a tsakiyarta, tana bin layin da sandarka ta nuna. Idan ka buge ta a gefen dama domin ka ba ta murɗi, abin da 'yan wasanmu suke kira efe, sai ta tashi ta ɗan karkata zuwa hagu, idan kuma a gefen hagu ka buga sai ta karkata zuwa dama. Dalili shi ne a ɗan lokacin da fatar kan sanda take manne da ƙwallo, wanda bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ƙwallon tana fara juyawa tana ture kan sandar gefe, kan sandar kuma yana mayar mata da turin zuwa ɗaya gefen. Gwargwadon nauyin bakin sandar, gwargwadon turin da yake mayarwa. Lokacin gajere ne ƙwarai, saboda haka nauyin da yake shiga lissafi shi ne na santimita 15 zuwa 20 na farko daga kai, sauran sandar kuwa har zuwa gindinta ba ruwanta. Abin da masu ƙera irin wannan sanda suka yi shi ne rage nauyin wannan ɗan wuri: sun rarake cikin katakon daga gaba, sun gajarta zoben da fata take zama a kai sun yi shi da abu mara nauyi, wani lokaci kuma sun sirance kan. Kamfanin Predator na Amurka ne ya yi suna da wannan a shekarun 1990 da samfurinsa mai lamba 314, wanda aka harhaɗa daga ɓangarori goma na katako, kuma a 2016 ya fito da Revo wadda aka yi da zaren kabon maimakon itace. Daga baya Cuetec da wasu kamfanoni suka fito da nasu na kabon.

Kuskure mafi girma, wanda ya ci mini kusan rabin shekara, shi ne ɗaukar sabuwar sanda da tsohon ido. Duk wanda ya daɗe yana wasa da sandar katako ta gargajiya, hannunsa da idonsa sun riga sun koyi gyara kaucewa ba tare da ya sani ba. Idan zai ba da murɗin dama, yana ɗan matsar da saitinsa zuwa dama domin ya biya abin da fara za ta kauce zuwa hagu, kuma idan ka tambaye shi zai rantse maka cewa kai tsaye ya saita. Ranar da ya ɗauki sandar da kaucewarta ta ragu, gyaran nan yana nan daram a jikinsa, amma abin da ake gyarawa ya ragu, sai fara ta isa wurin ƙwallon da ake nufi ta dama fiye da kima, ƙwallo ta daki bakin rami ta dawo. Ni haka ya faru da ni. Na karɓi tawa ana saura kwana huɗu a yi wata 'yar gasa tsakanin 'yan unguwarmu da wasu baƙi daga Marwa, kuma duk da wani dattijo da ya girme ni a wasan ya ce mini, "Ƙanena, ajiye ta tukuna, ba a koyon sabon doki ranar hawan salla," ban ji ba, domin kuɗin da na zuba a kanta sun kusa sayen babur na hannu, kuma ina so a gan ta. A wasan ƙarshe baƙar ƙwallo tana kusa da ramin kusurwa, irin bugun da nake ci ido rufe, na ba da ɗan murɗin dama don kada fara ta bi ta faɗa rami, sai na kuskure da faɗin yatsa guda. Ban gane abin da ya faru ba a ranar. Na zargi tebur, na zargi alli, na zargi fankar da ke kaɗawa a sama.

Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da na yi bayan haka, kuma shi nake ganin samarin nan suna yi, yana ba ni haushi ƙwarai. Sai na riƙa zuwa da sanduna biyu. Idan na kuskure da sabuwa sai in koma tsohuwa, idan tsohuwa ta ba ni kunya sai in sake ɗauko sabuwa, wani lokaci a cikin wasa ɗaya. Ta yaya hannu zai koyi gyara alhali kowane minti goma ana sauya masa adadin abin da zai gyara? Wata biyar na yi a haka, ban iya tsohuwa kamar da ba, ban kuma koyi sabuwa ba, har waɗanda nake ba su ƙwallo biyu kyauta a da suka fara cinye ni. Maganin da na yi, kuma ban ce kowa ya yarda da shi ba, shi ne na kai tsohuwar gidan yayata na ce kada a ba ni ko na roƙa. Daga nan kullum kafin in buga da kowa, ina ɗora fara a wurin da ake farawa, in manna ɗan alli a tsakiyar bandi, wato gefen roba da ƙwallo take dukawa ta dawo, wanda ke can ƙarshen tebur, in saita a kansa, in matsar da sandar gaba ɗayanta gefe ba tare da na karkata ta ba, in buga da ƙarfi, in duba inda fara ta sauka. Sau goma dama, sau goma hagu. Cikin mako shida idona ya daina yi mini gardama.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suka ji an ce sandar ba ta kaucewa sai suka daina gyara kwata-kwata. Babu sandar da ba ta kaucewa, domin babu bakin sandar da ba shi da nauyi. Ragewa aka yi, kuma a doguwar tazara da murɗi mai yawa abin da ya saura ya isa ya hana ƙwallo shiga.

Sai abin da mai sayarwa ba ya faɗa, wato kaucewa ɗaya ce kawai daga cikin abubuwa uku da murɗi yake haifarwa. Tunda gindin sanda yana ɗan ɗage sama koyaushe saboda gefen tebur, farar da aka ba murɗin dama tana lanƙwasowa ta dawo dama a kan hanyarta, kuma wannan lanƙwasa tana ƙaruwa idan bugun a hankali ne, ko tazarar tana da tsawo, ko ƙyallen tebur ya tsufa ya yi kaushi, kamar yadda ƙurar hunturu take mayar da yawancin teburanmu. Bayan haka, idan fara mai murɗin dama ta taɓa wata ƙwallo, tana ɗan jefa ta zuwa hagu. Sabuwar sanda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba. Hasali ma, da tsohuwar sanda kaucewa da lanƙwasa sukan kashe juna a bugu mai matsakaicin ƙarfi, amma da sabuwa, idan ka buga a hankali daga nesa, lanƙwasar takan rinjayi kaucewar, sai ka ga dole ka gyara saiti zuwa ɓangaren da ba ka saba ba. Wanda bai san wannan ba zai ce sandar jabu ce.

Wanda ya saba ba da murɗi ta hanyar saita tsakiya sannan ya karkata hannun baya, shi ma ya kula. Wannan dabara tana aiki ne idan tsawon da ke tsakanin gadar hannunka, wato hannun gaba da kake kafawa a tebur sanda ta bi ta kansa, da fara ya yi daidai da wurin da karkatarwa take soke kaucewar sandar. A sandar gargajiya wurin yana kusa da inda yawancin mutane suke kafa gada, amma a mai ƙarancin kaucewa ya ja baya sosai, saboda haka karkatarwa daga gajeriyar gada tana wuce gona da iri. Ni yanzu ina raba abin biyu, ina ɗan matsar da hannun gaba, in ɗan karkata na baya.

Kuskure na biyu da ya yi mini tsada ya shafi gyara, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Fatar kan sandata ta cinye, sai na kai ta wurin wani mai gyara da ya saba yi wa sandunan gidajen wasa aiki. Da ya ga zoben gajere ne kuma ba shi da nauyi, sai ya yanke hukunci shi kaɗai cewa ba shi da ƙarfi, ya cire shi ya sa na tagulla mai ɗauke da fatar da ake ɗaurawa da ƙusa, ya kuma bi gaban sandar da takardar goge katako don ta yi santsi. Da na zo karɓa yana murmushi ya ce, "Yallaɓai, yanzu ta zama sanda, wannan ba za ta sake lalacewa ba." Ya mayar da nauyin da aka biya kuɗi aka cire, a daidai wurin da ya fi illa, kuma ya ƙara sirance bangon da dama can siriri ne saboda rami ne a ciki. Sandar ta koma kaucewa kamar ta gidan wasa, bayan wata biyu kuma ta tsage daga bakin zobe. Laifin nawa ne, domin ban tsaya na yi masa bayani ba. Ku da kuke miƙa sandar da kuka tara kuɗinta wata da watanni ga kowa ku juya baya ku tafi shan shayi, ku ji da kyau: fata kaɗai ake canzawa, da gam ake manna ta, ba a taɓa zobe, ba a goge jikin sanda da komai mai kaushi. Ni yanzu da hannuna nake yi, da reza da gam mai saurin kamawa, kuma ban damu da cewa aikin yana cin mini awa guda ba.

Kada a fasa ƙwallaye da ita a bugun farko, sandar gidan wasa tana nan jingine don wannan aikin. Kada a buga kanta a gefen tebur don murna ko fushi. Kada a yi ƙoƙarin tsallakar da fara da ita, domin akwai gajeriyar sanda mai taurin kai da aka yi don haka.

Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma sandar katako da aka bari cikin mota, ko aka jingina a bango, ko ta sha bushewar hunturu sannan ta sha laimar damina a bakin kogin Binuwai, tana iya lanƙwashewa. A nan ne ta kabon ta fi, domin ba ta kula da yanayi, ɗan ƙyalle da sifirit ya isa a tsabtace ta. Amma kada wani ya ɗauka cewa duk baƙar sandar kabon kaucewarta kaɗan ce. Na riƙe wasu marasa suna da aka sayo da araha waɗanda bakinsu ya fi na katako nauyi, kuma gwajin alli a bandi ne ya tona su.

Masu cewa tana ƙara murɗi, ba gaskiya ba ne. Yawan murɗi yana zuwa ne daga nisan inda ka buga daga tsakiyar fara, kuma iyakarsa kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, bayan nan fata zamewa take yi ko da wace sanda. Abin da yake faruwa shi ne mai sabuwar sanda yana samun ƙarfin halin matsawa gefe fiye da da. Haka kuma sauya nauyin gindi, daga awus 19 zuwa 21 misali, ba ya rage kaucewa ba ya ƙara ta.

Na ƙarshe a cikin samarin nan uku kuskurensa ya faru tun kafin ya biya kuɗi, domin bai dubi teburin da yake wasa a kai ba. Waɗannan sanduna an yi su ne don teburin Amurka, inda fara take da faɗin milimita 57 da nauyin giram 156 zuwa 170, kan sandar kuma yakan kai milimita 12 zuwa 13. Shi kuwa a ƙaramin tebur irin na Ingila yake bugawa, mai ƙwallaye ja da rawaya, inda fara ba ta kai milimita 48 ba, kuma sandar da ta dace da ita kanta milimita 8 zuwa 9 ne, wadda sirantarta ta riga ta rage mata nauyin baki. Da ya ɗora katon kai a kan 'yar ƙaramar fara, ba ya ma ganin inda yake bugawa, kuma tunda farar ba ta da nauyi, turin da take sha ya fi yawa. Na ba shi aron siririyar sandata ta katako ya gwada bugu ashirin a kan alli, na ce masa ya nemi wanda yake wasa a babban tebur ya sayar masa da tasa tun ba ta yi tabo ba.