Yadda zaka kori hayaniya daga rediyonka idan kana sauraron ƙasan zango

Toh 'yan uwa masu wasa da rediyo, duk wanda ya taɓa saukowa ƙasa da matsakaicin zango yana neman 'yan ham, wato masu lasisin watsa sigina don sha'awa, a 472 zuwa 479 kilohaz, wato zangon mita 630, ko can ƙasa a 135.7 zuwa 137.8, ya san abun da ake fama dashi. Waɗannan mutanen doka ta ɗaure musu hannu, ƙarfin da eriyarsu ke fitarwa wat 1 ne kacal a yawancin ƙasashe, wasu wuraren an basu 5 a mita 630, su kuma tashoshin gwamnati dake maƙwabtaka dasu dubban wat suke bugawa. Kamar kana son jin raɗa ne a gefen injin niƙa.

Kafin ka kashe ko sisi kan filta, fara gano daga ina ƙarar take, don ni na taɓa ɓata kusan sati biyu ina naɗa waya ina kwancewa ashe cajar wayata ce dake bayan tebur.

Ka ɗora rediyon akan batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, har inbata da na'urar cajin sola, kwamfutar ma ka cire mata caja. In ƙarar ta faɗi to ɓarawon a gida yake, sai ka riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ka kamashi. Mu anan muna da wata garaɓasa da Turawa basu da ita, in NEPA suka ɗauke wuta unguwa takan yi tsit na ɗan lokaci kafin maƙwabta su tada inbatocinsu, wannan lokacin ka duba allon manhajar rediyonka a kwamfuta kaga asalin yadda zangon yake. Ƙarar inbata da caja da ƙwan LED mai araha tana da kamanni, zaka ganta layi layi a jere da tazara iri ɗaya kamar haƙoran matsefi, kuma tana ɗan yawo in abun ya ɗau zafi.

Irin wannan ƙarar filta bata maganinta saboda akan mitar da kake saurare take zaune, kuma yawanci ba ta eriya take shigowa ba, ta bayan kebul ɗin koyaks, wato wayar da ta haɗa eriya da rediyo, take biyowa. Maganin shine zoben ferait, wani baƙin zobe mai tare ƙarar dake bin waya, ka naɗa kebul ɗin a jikinsa zagaye goma sha biyu zuwa sama, ɗaya a bakin rediyo ɗaya a gindin eriya. Amma kula da lambar zoben, mutane na sayen lamba 43 don ita tafi yawa a kasuwa, alhali ita aikinta a gajeren zango ne, anan ƙasa 75 ko 77 kake so, 31 ma tana taɓukawa musamman a zangon mita 160. Wayar USB ma ka naɗa mata nata. Eriyar kuma ka nesantata da gini iya yadda filinka ya baka dama.

Sai matsala ta biyu wadda tafi rikita sabon shiga. Kana 475 sai kaji labarai ko waƙa ko muryoyin tashoshi biyu a cakuɗe, kace wace tasha ce nan? Babu wata tasha, rediyonka ne ya ƙoshi har ya fara amai. Sigina masu ƙarfi in suka cika ƙofar rediyo sai su gauraya su haifi na bogi. Misali tasha akan 594, inda aka san Rediyon Najeriya Kaduna, da wata akan 711, ka ninka 594 sau biyu ka cire 711, 477 kenan, cikin zangonmu cif. Ƙananan RTL-SDR ɗin nan masu bit 8, wato rediyon da ake sokawa a kwamfuta, su suka fi saurin faɗawa wannan tarkon.

Gwajin mai sauƙi ne, ka rage siginar da desibel 10 a bakin eriya. Sigina ta gaskiya da 10 zata sauka, ta bogi kuwa zata rufta da wajen 30 ko ta ɓace ɗungurungum. Wani lokacin ma shikenan an gama, ka bar ragin a wurin, domin a ƙasan zango ƙarar sararin sama tafi ƙarar cikin rediyo nesa ba kusa ba, babu abun da ka rasa. Masu ɗora amfilifaya akan doguwar waya ku ji da kyau.

In ragin bai isa ba sai filta. Mai sauraron 137 aikinsa da sauƙi wajen matsakaicin zango, filta mai barin ƙasa ya wuce ya tare sama daga wajen 200 ta wadatar. Mai mita 160 akasin haka yake so, wadda zata tare duk abun dake ƙasa da 1700. Wahalar tana mita 630, saboda tashoshi daga 531 suke farawa, tazarar tayi kaɗan, filta ta gama-gari mai koyil biyu da kwandensa uku in ka yanka a 500 abun da zata rage wa 594 bai kai desibel 10 ba, kuma ta ɗan ci naka. Shi yasa ni nafi yarda da tarko na tasha ɗaya. Ka haɗa koyil da kwandensa a jere, ka ɗaurasu daga wayar eriya zuwa ƙasa, zasu shanye wannan mitar kaɗai. Ga 594, koyil mai maikirohenri 100 da kwandensa wajen fikofarad 720. In baka son lissafi je wajen mai gyaran rediyo ka sayi mataccen taransisto, ka ciro sandar ferait da kwandensar murɗawa, dama don wannan zangon aka yisu, kana murɗawa kana kallon allo har tashar ta durƙusa. Ka sa komai cikin gwangwanin ƙarfe, wayoyin kuma gajeru, in ba haka ba siginar tsallake tarkon zatayi.

Akwai tashoshin da suka matso kusa da yawa, kamar HGA22 ta Hangari akan 135.6 da DCF39 ta Jamus wajen 139, sun sa zangon 137 a tsakiya. Su sai eriyar zobe, ka juyata a hankali har ka samu kusurwar da tashar ta dushe, sannan ka matse faɗin saurare a manhaja. Wannan juyin yana aiki akan inbatan maƙwabci ma in daga waje ɗaya take zuwa.

Tartsatsin tsawa da damina kam babu filtar da zata cireshi, ka cire eriya ma in hadari ya taso. Ka jira sanyi, dare yayi nisa, ka saita 474.2 akan yanayin saurare na USB (upper sideband, ba wayar USB ba), ka buɗe manhajar WSJT-X ka zaɓi WSPR, tsarin sigina mai rauni na 'yan ham, ka barshi har asuba, don shi yana tsinto sigina da take ƙasa da ƙara da wajen desibel 28, kunnenka bazai ji komai ba amma da safe in an dace zaka tarar da sunayen kiran tashoshin 'yan ham a jere. Ka rubuta matakin ƙarar kafin da bayan kowane canji, abu ɗaya zaka canza a lokaci guda.