Darasi na 7: Tuƙin ƙaramin jirgi a ruwan sanyi

Daga Disamba zuwa Fabrairu abu biyu ke haɗuwa a gulbin Yamai: ruwa ya cika, sanyi ya sauko. Da yawa suna ɗauka cewa da damina ta wuce, haɗarin gulbi ya wuce. Ba haka ba ne. Gulbin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, sau biyu yake cika a shekara a nan. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a Agusta da Satumba, wadda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Ta biyu kuwa ruwan saman da aka yi a tsaunukan Gine ne. Yakan daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana, shi ya sa ba ya kai ƙarshen cikarsa sai wajen Janairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Wannan darasi na masunci ne, da mai fito, da mai lambu a tsibiri, da matar da ke tsallakawa kasuwar Bubon ran Laraba.

Abin da masu kayak suka gano

A can arewacin duniya, a Girinlan da Kanada da Alaska, mutanen Inuwit sun ƙera wani siririn jirgi na mutum ɗaya, kayak, suna farauta da shi a tekun da ƙanƙara ke yawo a kansa. Na da, katako ne ko ƙashi aka lulluɓe da fatar dabbar teku. Na yanzu roba ne. Tsawonsa kamar mita 5, faɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba. Samansa a rufe yake, sai ramin da matuƙi ke zama, shi ma ana kewaye bakinsa da wani patari da ke ɗaure a ƙugun matuƙin don kada ruwa ya shiga. Filafilinsa baki biyu gare shi. A na yanzu, gaba da baya akwai ɗakuna masu riƙe iska, don haka ko ya kife ba ya nutsewa.

Ruwansu ya fi namu sanyi nesa ba kusa ba, wani wuri bai kai digiri 5 ba, kuma in abu ya faru babu gari kusa. Wannan ne ya sa masu kayak na yanzu suka kafa ƙa'idodi uku da ba sa wasa da su: a yi shiri don sanyin ruwa, ba don zafin ranar da ake ji a jiki ba, a sa rigar ceto tun a gaɓa, a koyi kifewa kafin a koyi nisa. Dukansu sun shafe mu.

Abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki

Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai. Gaskiya ne, amma sanyi yakan ƙwace wa gwani iyawarsa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Wani masanin jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ke faruwa a ruwa mai tsananin sanyi da lambobi uku: 1, 10, 1.

Minti 1 na farko shi ne mafi muni. Da jiki ya taɓa ruwan, mutum yakan ja dogon numfashi ba da sonsa ba, sannan ya kama haki. In kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, ruwa zai shaƙa. Aikinsa ɗaya ne a nan: ya fid da hanci da baki sama, ya kama wani abu, ya jira numfashi ya daidaita. Kada ya fara iyo tukuna.

Sai minti 10 na aiki. Jini yana gudu daga hannu da ƙafa ya koma ƙirji, yatsu su sandare, har mutum ya kasa ɗaure igiya ko riƙe gefen jirgi. Duk abin da ke bukatar yatsu, a yi shi yanzu. Awa 1 kuma ita ce kimanin lokacin da mai rigar ceto zai kai kafin sanyi ya sumar da shi. Wanda ba shi da riga ba ya kaiwa nan, don hannuwansa sun riga sun gaza.

Waɗannan lambobi na ruwan ƙanƙara ne. A gulbinmu abin ya fi jinkiri, amma hanyarsa ɗaya ce. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 ya zama ciwo. Masuncin da ya faɗa ruwa da asuba a Janairu, ya fito da jiƙaƙƙun tufafi iskar hunturu na dukansa, yana iya kaiwa can. Yara da tsofaffi da wanda ya fita bai karya kumallo ba su suka fi saurin galabaita.

Kafin a kwance igiya

Rigar ceto tukuna. A jikinta akwai lamba: 50, 100 ko 150, da harafin N. Mai 50 tana ɗaga nauyin kusan kilo 5 a ruwa, ta wanda ya iya iyo ce kuma yana kusa da gaɓa. Mai 100 tana da wuya mai tallafe kai, ita ta fi dacewa da fasinja. A ɗaure dukan maɗaurai, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura kunne, ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta rufe fuska. Rigar babba ba ta yi wa yaro. Kuma rigar da aka shimfiɗa ana zaune a kanta ba ta ceton kowa, domin jirgi ba ya sallama kafin ya kife.

Inda babu riga, a nemi jarka, wadda muke ce wa bido, mai lita 20, babu komai ciki, murfinta a ɗaure tam. Tana ɗaga kusan kilo 19, ya ishi babba ya rungume. Ba ta kai riga ba, tunda sai da hannu ake riƙe ta, amma ta fi babu. A ɗaure biyu a cikin jirgin kansa, ɗaya gaba ɗaya baya, su yi aikin ɗakunan iskar kayak.

A duba haɗin katako, a toshe inda ke yoyo, a kwarfe ruwan da ya kwana. Kada a raina ruwan da ke ƙasan jirgi. Ga lissafi: jirgi mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 60, in ruwa ya kai zurfin santimita 5 a cikinsa, lita 150 ke nan, wato kilo 150, nauyin buhu uku na shinkafa. Buhu yana zama inda aka ajiye shi. Ruwa kuwa, da jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara gaba ɗaya zuwa gefen da ya yi ƙasa, ya ƙarasa kifar da shi. Abin kwarfa, ƙwarya ko yankakkiyar jarka, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi.

Kaya masu nauyi ƙasa kuma tsakiya. Bayan kowa ya zauna, a auna daga bakin jirgi zuwa ruwa. Shawararmu kada ya gaza ɗani ɗaya, kamar santimita 20. In ya gaza, a rage, a yi sawu biyu. Mai fito ya faɗa da bakinsa, fasinja kuma su mara masa baya, ko da alhaji ne ke sauri.

Babbar riga da rawani da dogon mayafi a naɗe su kafin shiga, don suna jiƙewa su naɗe ƙafa. Uwa ta sauke goyo ta riƙe a gaba. In ta faɗa ruwa da yaro a baya, tana ƙoƙarin ɗaga kanta, fuskar yaron na ƙasa.

A tafi da filafili na biyu, da wuƙa, da usur, da tocila, da igiya mai mita 15, da waya da busasshiyar riga a cikin leda biyu ɗaure. A gaya wa na gida inda za a je da lokacin dawowa. Masu kayak ba sa fita ba su bar wannan saƙo ba, kuma sun fi son tafiya jirgi uku: ɗaya ya kife, ɗaya na ceto, ɗaya na iya neman taimako.

Zama da tuƙi

A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a sunkuye, hannu biyu na riƙe da gefe biyu. Ba a miƙewa a canza wuri a tsakiyar gulbi. In jirgi ya yi tangaɗi, a saki ƙugu ya bi shi, kai ya tsaya a tsakiya; mai sandarewa ya rungumi gefe ɗaya shi ke jawo kifewa.

Sabon matuƙi da damtse yake tuƙi, shi ya sa yake saurin gajiya. A tsoma bakin filafili duka a gaba, wajen ƙafa, a juya ƙirji da ƙugu a jawo, a fid da shi da ya kai ƙugu. In jirgi zai karkata, a mari fuskar ruwa da faɗin filafili a wannan gefen, a dogara a kai na ɗan lokaci, a maido jirgi da ƙugu.

Tsallake ruwa mai gudu ba a miƙe ake yi ba. A karkata goshin jirgi sama, wajen da ruwa ke fitowa, a kaikaice, a nufi wuri sama da inda ake son sauka. A Yamai gulbi na gangarawa kudu maso gabas, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, don haka a haƙarƙari take dukan jirgi, tana tura shi wajen Harobanda, a hayin gulbi. Zuwa da sauƙi, dawowa da wuya. Iskar takan ƙara ƙarfi da hantsi. In hazo ya ɓoye ɗaya gaɓar, a haƙura. Igiyar ruwan da jirgin inji ya tayar, a tare ta da goshi.

Ƙafafun gada, ko ta Kenedi ko sababbin biyu, ruwa na matsewa a tsakaninsu yana ƙara gudu, kainuwa da itace na taruwa a jikinsu. A zaɓi tsakiyar ƙofa tun daga nesa. In ruwa ya manna jirgi a jikin ƙafar gada ko dutse, a karkata zuwa ga abin da aka daka. Jiki zai so ya guje shi, amma wanda ya karkata wajen da ruwa ke fitowa ya buɗe wa ruwa bakin jirgi. Madatsar Gudel kuwa, ruwan da ke zuba ƙarƙashinta juyawa yake yana maido abin da ya faɗa. A nisance ta sama da ƙasa.

Dorina tana iya yin kusan minti 5 a ƙarƙashin ruwa, don haka rashin ganinta ba shaida ba ne. A tambayi Sarkawan wurin inda take kwana, a riƙa ƙwanƙwasa gefen jirgi don ta san da zuwan mutane, kada a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, balle mai ɗa.

In jirgi ya kife

A kama jirgi, kada a sake shi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama in ba kaya masu nauyi a ɗaure da shi, kuma daga nesa shi ake hangowa, ba kan mutum ba. A koma gefen da ruwa ke fitowa, don kada jirgi ya matse mutum da dutse. A kira sunan kowa. A haye bayan jirgin gwargwadon iko, domin duk gaɓar da ta fita daga ruwa ta rage asarar ɗumi. Mai riga da ya rabu da jirgi ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji ya rungume hannu. In suna da yawa su manne wa juna, yara a tsakiya.

Wanda ruwa ya tafi da shi ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba suna kallon gangare, ya riƙa karkata zuwa gaɓa sannu a hankali. Kada ya miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ƙafa na iya maƙalewa a dutse ruwa ya danne shi. In taru ko mamari ya kama shi, kada ya fizge, wuƙa ce maganinsa.

Mai ceto ya miƙa gora ko ya jefa igiya ko jarka. Faɗawa ruwa shi ne na ƙarshe, don mai nutsewa yakan danne wanda ya zo masa. A jawo shi ta gindin jirgi ko ta goshi, ba ta haƙarƙari ba.

Wanda aka tsamo

A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba haka har taimako ya zo. Kada a danna ciki, kada a rataye shi kai ƙasa wai ruwa ya fito. Amai kawai hakan ke jawowa, ya tafi huhu.

In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa tabarma, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai da bargo. Kada a murza hannu da ƙafa, kada a kai shi dab da wuta, kada a sa shi tafiya: jinin sanyi na gaɓoɓi in ya koma zuciya da sauri yana iya tsayar da ita. Mai karkarwa da ke cikin hankalinsa a ba shi shayi mai sukari ko kunu mai ɗumi. Wanda karkarwa ta tsaya masa alhali jikinsa na da sanyi, harshe ya yi nauyi, barci na fizgarsa, ba sauƙi ya samu ba. Kada a ba shi komai ta baki, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti. Wanda ya shaƙi ruwa yana tari ko numfashi na yi masa wuya, shi ma likita ya duba shi a ranar.

Aikin gwaji

A zaɓi wuri mai yashi, ruwa iya ƙugu, babu gudu, da rana tsaka, da ƙwararru biyu tsaye a ruwa. Kowa ya sa riga ya kwanta rigingine ya ƙirga 60 ba tare da motsa hannu ba. Sannan a kifar da jirgi da gangan, a juyo shi, a tura shi gaba da baya da ƙarfi ruwa ya fantsama waje, a kwarfe sauran, mutum ɗaya ya danne gefe ɗaya yayin da ɗan'uwansa ke hawa. A ƙarshe kowa ya jefa igiya ga jarkar da ke nisan mita 10, ya maimaita har ya same ta sau uku a jere.