Yadda Ake Gyara Tankin Ruwan Wanke Gilashin Mota Idan Yana Yoyo

Idan aka cika tankin ruwan wanke gilashi da yamma aka wayi gari babu komai a cikinsa, ko kuma aka ga ƙasa a jiƙe kusa da tayar gaba, to tankin yana yoyo. Bai kamata a bar shi haka ba, musamman a lokacin hunturu, domin waifar da aka kunna a kan busasshiyar ƙura karce gilashi take yi. Gyaran ba mai wuya ba ne, amma sai an gano ainihin inda ruwan ke fita kafin a sayi wani abu, saboda sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau, wata 'yar roba ce kawai ta mutu.

Da farko a ajiye motar a kan busasshen daɓe, a kashe inji, a bari ya huce, sannan a buɗe boneti. Murfin tankin yana ɗauke da hoton gilashi da feshin ruwa, don haka kada a rikita shi da na ruwan lagireto. A cika shi da ruwa zalla har wuya, a koma gefe a sa ido, domin yadda ruwan zai ragu shi ne zai nuna inda matsalar take. Idan ya tsiyaye ƙarƙaf, ɓarnar tana ƙasa, wajen da famfon feshi yake shiga jikin tankin. Idan ya sauka zuwa rabi ya tsaya, to a daidai wannan tsayin ne tsagewar take, ko kuma robar na'urar da ke auna yawan ruwa ce ta saki, a motocin da ke da ita. Idan kuwa ba ya zuba sai an ja sandar feshi, a bar zargin tanki, a bi siririn tiyon da ya tashi daga famfo zuwa boneti.

A motoci irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord, wuyan tankin kaɗai ake gani daga sama, cikinsa yana ɓoye a bayan bamba, gaban tayar dama. Sai an ɗaga motar da jak, an tokare ta da abin da zai riƙe ta ko da jak ɗin ya zame, an cire tayar, sannan a ɓalle maƙalan baƙar robar da ta rufe saman taya a ja ta baya. A cire wayar batir mai alamar ragi kafin a taɓa soket ɗin famfo.

Famfon ɗan ƙarami ne, yana aiki da wutar batir mai ƙarfin volt 12, kuma ba a ɗaure shi da noti ba, cusa shi aka yi cikin wata robar zobe da ke toshe ramin tankin. Zafi da daɗewa suna sa robar nan ta bushe ta tsattsage. A tara bokiti, a zare soket da tiyo, a jijjiga famfon a hankali har ya fito, a ciro tsohuwar robar a tafi da ita kasuwar kayan gyara domin a samo daidai girmanta. A fara zaunar da sabuwar a cikin ramin, a shafa mata ɗan ruwan sabulu, sannan a tura famfon. Kada a sa mata giris ko man inji, domin suna kumbura roba. Idan jikin famfon ne ya fashe, sauya shi ake yi, ba ya karɓar liƙi. Tiyon da ya huje kuma a yanke wurin a haɗa bakin biyu da ɗan bututun roba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne idan tankin kansa ya tsage, abin da ke faruwa bayan an bugi bamba, ko a motocin Beljiyam da suka fito daga ƙasashen sanyi, inda ruwa ke daskarewa ya ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 ya fasa abin da yake ciki. A kwance notunan da ke riƙe da shi, waɗanda galibi sifana mai lamba 10 ke kamawa, a fito da shi, a ɗauraye shi sosai a shanya. Ɗaurayar tana da muhimmanci, domin ruwan wanke gilashi na kanti yakan ƙunshi sinadarin metanol, wanda guba ne kuma yana kama wuta.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu wajen sayen gam. Robar da ake yin waɗannan tankuna, wadda akan ga an buga mata PE-HD ko PP a jiki, tana da santsin da gam ba ya kamawa, sai ya riƙe na ɗan lokaci, girgizar hanya ta ɓamɓare shi. Abin da ke daɗewa shi ne narkar da robar ta haɗe da kanta. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagewar don kada ta ci gaba, a goge wurin da samfefa, sannan a bi layin da bakin ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo, ana narkar da gefen biyu suna haɗuwa. A cike kwarin da siririn yanki na roba iri ɗaya. Idan tankin PE-HD ne, yankin tsohuwar jarka mai wannan alamar ya wadatar. A yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, kuma kada a danna ƙarfen da ƙarfi har ya ɓula. Tsagewar da ta ratsa ramin famfo ko kunnen noti ba ta cancanci wannan wahalar ba, gara a sayi wani tankin.

Kafin a mayar da shi, a sa famfon, a toshe bakinsa, a cika tankin a ɗora a kan busasshen kwali na awa ɗaya. Idan kwalin bai jiƙe ba, a ɗaura shi, a haɗa tiyo da soket da batir, a gwada feshin tun ba a rufe robar saman taya ba. Wajen cikawa a guji garin sabulun wanki, domin yana taruwa a ƙasan tanki ya toshe ramukan feshi. Ruwa mai tsabta da ɗan ruwan wanke gilashi na kanti ya isa.