Babi na 6: Manna Takarda Mai Gam a Kantar Kicin

Darasi na 1: Mu san takardar

A kasuwa wasu na ce mata sitika, wasu leda mai gam. A nannaɗe ake sayar da ita kamar tabarma. Fuska biyu gare ta. Gaba shi ne mai zanen furanni, yana da santsi, ruwa ba ya ratsa shi. Baya farar takarda ce mai layi-layi, ita ce ke rufe gam ɗin. Yawanci faɗinta santimita 45 ne, akwai kuma mai 60. Ana samunta a kasuwar Sabon Gari a Kano. Idan maigidanki zai ci kasuwar Wudil ran Juma'a, ya tambayi masu kayan jeren amare.

Ki tanadi tef irin na tela, almakashi, fensir, allura, omo, da tsumma biyu. Ɗaya na wanki, ɗaya busasshe.

Takardar tana kama katako mai santsi, tana kama ƙarfe. Ba ta kama kantar ƙasa. Idan ta ƙasa ce a ɗakinki, kada ki ɓata kuɗinki, ki shimfiɗa leda ta tebur kawai.

Darasi na 2: Wanke kanta

Sauke komai. Langa, samira, tasa, gwangwanin gishiri, robar manja, duka. Kada ki ture su gefe ki ce za ki yi rabi-rabi.

Kantar kicin ta sha hayaƙi da maiƙo, ga ƙurar hunturu. Gam kuwa duk abin da ya fara taɓawa shi yake riƙewa. Idan ƙura ya fara taɓawa, ƙura zai riƙe, katako ya sha iska. Don haka ki wanke da ruwan omo, ki goge da ruwa mai kyau, ki bar ta ta bushe. Ki wanke da hantsi, ki manna bayan la'asar. Da damina ki bar ta ta kwana. Ki shafa tafin hannunki a kai: in kin ji sanyi-sanyi, da saura. In kin ga ƙasar gara a jikin katakon, a magance ta tukuna, don takarda rufe ɓarna kawai za ta yi.

Darasi na 3: Awo

Tef ɗin tela lamba biyu gare shi. Gefe ɗaya inci ne, yana ƙarewa a 60. Ɗaya gefen santimita ne, yana ƙarewa a 150. Mu da santimita za mu yi aiki. Ki fara daga bakin da ƙaramar lamba take, wato 1.

Auna tsawo, ki rubuta. Auna faɗi, ki rubuta. Kada ki ce kin riƙe a ka, ai don rubutun muke zuwa aji. Misali: tsawo 90, faɗi 30. Ƙara 3 a faɗin don naɗe baki. 30 da 3 sun zama 33. Juya takardar, ki yi alama a bayanta da fensir, ki bi layin da almakashi. Layukan nan don ke aka zana su.

Darasi na 4: Ɓare baya

'Yan uwa, ku gyara zama. Nan ne ake faɗuwa. Shekarun da na yi ina koyar da wannan babi, awo bai cika kayar da mutane ba, wanki ma haka. Ɓarewa ce ke kayar da su.

Kada ki ɓare farar takardar gaba ɗaya. Yatsu huɗu kawai. Jera yatsunki huɗu a bakin takardar, iyakar abin da za ki ɓare ke nan. Ki lanƙwasa farar ta koma ƙasa. Ɗora bakin mai gam a ƙarshen kanta, ki daidaita shi da gefen katako. Duba da kyau. In ya karkace, ɗaga a hankali ki sake, yanzu gyara na da sauƙi. In ya miƙe, danna da busasshen tsumma.

Yanzu sa hannun hagu a ƙarƙashi, ki ja farar takardar. Yatsu nawa? Huɗu. Hannun dama na bi da tsumma, daga tsakiya zuwa gefe, daga tsakiya zuwa gefe, kamar kina korar ruwa a daɓe. Iska kike kora. Sai ki sake jan yatsu huɗu. Ki goge. Ki ja huɗu. Ki goge.

Na san abin da zuciyarki za ta ce miki idan kin kai rabi: ai na iya, bari in zare sauran. Kada ki biye mata. Da kin zare, takardar za ta naɗe ta manne da kanta, gam a kan gam. Raba su kuwa sai ta miƙe ta yi tamoji, zanen ya lalace.

Wata dattijuwa a ajinmu ta taɓa ce mini, "Malama, ni da na aurar da 'ya'ya biyar, na yi musu jere, takarda ce za ta gagare ni?" Na ce, "Inna, ba gagara ba ce, yatsu huɗu dai." Kafin in juya ta zare duka. Ta manne a zaninta, ta manne a hannun jikarta, muka yi ta dariya har da ita. A na biyu ta bi a hankali, kantarta ta fi ta kowa kyau. Wadda hannunta ya saba da tankaɗe da murza fura, wannan ba zai fi ƙarfinta ba. In kin ɓata na farko, ba abin kunya ba ne. Yanki guntun takardar kaɗan ki gwada a murfin bokiti kafin ki taɓa kanta.

Amma fa zan faɗi gaskiya. Akwai waɗanda na gaya wa sau uku, suka amsa da "to Malama", suka je gida suka zare gaba ɗaya, suka dawo suna cewa takardar ce jabu. Ba jabu ba ce. Garaje ne. Kuɗin da aka tara da ƙuli-ƙuli da adashi bai kamata a dunƙule shi a jefa a murhu ba saboda ƙin jin magana. Kuma ba a wannan aiki da goyo yana kuka, tuwo na kan wuta. Ki bari sai kin sami sarari.

Karanta da ƙarfi, ki kwafa a littafinki sau biyar: Zan ɓare yatsu huɗu. Zan goge. Zan sake ɓare huɗu.

Darasi na 5: Kumburi da baki

In iska ta maƙale ta yi kumburi, huda shi da allura, ki danna da yatsa. Rarar 3 ɗin nan ki naɗe ta ƙarƙashin bakin kanta.

Darasi na 6: Kulawa

Kada ki ɗora tukunya mai zafi, leda ce, za ta narke. Kada ki manna kusa da murhu ko risho. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa goge ta.

Darasi na 7: Aikin gida

Auna kantarki. Rubuta tsawo da faɗi, ki zo da su mako mai zuwa.