Janareta, kaskon wuta da ɗakin da aka rufe ruf

Iskar da ke kashe mutane cikin barci ba ta da wari, ba ta da launi. Sunanta kabon monoksaid, tana fitowa daga duk abin da ke ƙona fetur, kananzir ko gawayi. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi.

A fara da janareta. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, wato kamar taku takwas na babban mutum, salansa tana fuskantar fili. Zaure, ƙarƙashin bene, lungun kicin da shagon da aka ja wa ƙofa duk ba wurinsa ba ne, ko da an bar taga a buɗe. Tsoron ɓarawo ne ke sa mutane jawo shi ciki da dare. Maganin wannan kejin ƙarfe ne mai kwaɗo, da rufin kwano saboda ruwan sama, gefunansa a buɗe. Wayar da za a ja daga nesa ta zama mai kauri, irin ta milimita 2.5 ga ƙaramin inji. Siririya tana ɗaukar zafi. A duba kuma kada hayaƙin ya nufi tagar maƙwabci.

Da hunturu, kasko ne matsalar. Mutane kan jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajir, su ce yanzu ba komai. Nan kuskuren yake: garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar. Idan za a ɗumama ɗaki, a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Ɗakin mai jego ya fi kowanne buƙatar wannan, domin shi aka fi toshewa, jariri kuma ba ya iya cewa kansa na ciwo.

Iska ba ta sauyawa sai ta sami mashiga da mafita. Taga biyu a bango daban-daban, ko taga da ƙofa, sun fi babbar taga guda. Fankar sama tana juya iskar da ke ciki ne kawai. Haka ma na'urar sanyaya ɗaki ta jikin bango, sanyi take bayarwa, ba ta kawo sabuwar iska daga waje. A riƙa buɗe ɗakin da safe, a wanke ragar tacewarta da ruwa duk mako biyu lokacin ƙura, a bari ta bushe kafin a mayar. Da bazara, idan gari ya yi sanyi da dare, a kafa fankar tsaye a bakin taga tana hura waje, sai iska mai sanyi ta shigo ta ɗaya tagar.

Alamun gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarta zazzaɓin cizon sauro. Idan mutane da yawa a ɗaki ɗaya suka kamu lokaci guda, kuma suna samun sauƙi in sun fita, a fitar da kowa fili nan take, a kashe injin, a buɗe ƙofofi. A wuce asibiti, a faɗa musu hayaƙi ake zargi, domin oksijin ake sa wa mutum. Manja ko madara ba sa fitar da ita daga jini.