Babi na Bakwai: Tayar da Tsohuwar Manhajar Imel a Kan Sabuwar Windows

Wannan babi na waɗanda suka saba karanta wasiƙunsu a cikin manhajar Windows Live Mail ne, sai kuma aka canza musu kwamfuta, ko mai gyara ya ɗora musu Windows 10 ko Windows 11, suka duba sama da ƙasa ba su ga manhajar ba. A ajinmu na yamma a nan Gombe, wani dattijo daga Jekadafari, tsohon akawu da ya yi ritaya, ya zo mini da kwamfuta ta hannu da ɗansa ya sayo masa, ya ajiye ta a kan benci ya ce, "Malam, wasiƙuna na shekara takwas ne suka salwanta, ko kuwa ni ne ban san inda aka kai su ba?" Na ce masa, "Baba, ba su salwanta ba, muddin tsohuwar kwamfutar tana nan tana tashi." Abin da muka yi da shi a zama uku, shi ne na rubuta muku a nan.

Ku san abu ɗaya kafin mu fara. Kamfanin Microsoft ya daina kula da wannan manhaja tun ranar 10 ga Janairu, 2017, saboda haka ba wanda yake toshe mata ɓaraka idan ta samu, kuma ba ta zuwa tare da sabuwar Windows. Duk da haka tana tashi, tana karɓar wasiƙa tana aikawa, idan an bi matakan a jere. Kada tsayin babin ya karya muku gwiwa, gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na Farko: Kwashe wasiƙu daga tsohuwar kwamfuta

Ku kunna tsohuwar kwamfutar, ku soka filashi a ƙofarsa ta gefe, kuma ku tabbata manhajar imel ɗin a rufe take. A jerin madannai na ƙasa, ta hannun hagu, akwai madanni mai alamar taga. Ku danne shi da yatsa ɗaya, ku taɓa harafin R da ɗaya yatsan, sannan ku saki duka biyun. Wani ɗan akwati zai fito a kusurwar allo. A cikinsa ku rubuta %localappdata% ba tare da barin tazara ba. Alamar nan mai ƙwallo biyu da sanda a tsakani tana kan madannin lamba 5, kuma ba ta fitowa sai kun danne Shift tare da ita. Tana nan a farkon kalmar, tana nan a ƙarshe. Ku latsa Enter.

Za ku ga foldoji masu ruwan ɗorawa. Ku buɗe wadda aka rubuta wa Microsoft, a cikinta ku nemo wadda aka rubuta wa Windows Live Mail. Dukan wasiƙunku suna cikinta, kowace wasiƙa fayil guda. Ku ɗora kibiyar linzami a kanta, ku latsa ɓangaren dama na linzamin, ku zaɓi Copy, sannan ku buɗe filashin ku latsa dama ku zaɓi Paste. Copy na ce, ba Cut ba, domin Cut yana ɗauke foldar daga mazauninta, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki za ku iya samun rabi can rabi nan. Ku jira har koren layin ya cika kafin ku zare filashin.

Darasi na Biyu: Ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta

Wannan manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai, tana jingina da wani ɓangare na Windows mai suna .NET Framework 3.5, wanda a sabuwar Windows yake zuwa a kashe. Ku haɗa kwamfutar da intanet, ko da ta wayarku ce. Ku taɓa madannin taga, ku rubuta Turn Windows features on or off, ku buɗe abin da ya fito. A saman jerin za ku ga wancan suna, da ɗan akwati a gefensa. Ku latsa akwatin, ku latsa OK, ku yarda Windows ta sauko da abin da take bukata. Zai ci data kaɗan, kuma yana iya ɗaukar mintuna, ku yi haƙuri.

Fayil ɗin da ake ɗora manhajar da shi sunansa wlsetup-all.exe, kuma yana ɗauke da tarin manhajojin Windows Essentials 2012. Microsoft ta cire shi daga shafinta, don haka ku neme shi a tsohuwar kwamfutarku ko wajen mai gyaran da kuka amince da shi. Ban yarda ɗalibina ya sauko da shi daga kowane shafi da ya ci karo da shi ba, domin masu cuta suna cusa ƙwayar cutar kwamfuta a cikin irin waɗannan tsofaffin fayiloli. Idan kun same shi, ku latsa dama a kansa, ku zaɓi Properties, ku shiga Compatibility, ku sa alama a akwatin farko, ku zaɓi Windows 7, ku latsa OK. Ma'anar wannan ita ce kun roƙi sabuwar Windows ta mu'amalanci manhajar yadda tsohuwar take yi mata. Sai ku sake latsa dama ku zaɓi Run as administrator. Idan ta tambaye ku abin da za ta ɗora, ku zaɓi layi na biyu, ku cire alama daga komai ku bar Mail kawai.

Darasi na Uku: Kalmar sirri ta musamman

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka ku ajiye komai ku karanta a hankali. Kalmar sirrin da kuke buɗe Gmail da ita a waya ba za ta yi aiki a cikin wannan manhaja ba. Ba kuskuren rubutu kuka yi ba, kuma ba mantuwa ce ta kama ku ba. Tun ranar 30 ga Mayu, 2022, kamfanin Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga akwatin mutum da kalmar sirri ta yau da kullum. Abin da ya bari shi ne wata kalma ta dabam, mai haruffa 16, wadda shi da kansa yake ba ku domin manhajar kaɗai. Ku ɗauke ta kamar makullin ƙofar baya da maigida yake yanka wa mutum ɗaya, alhali makullin zaure yana aljihunsa.

Google ba ya ba da wannan kalma sai kun kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ku buɗe burauza, wato manhajar da kuke shiga intanet da ita, ku rubuta myaccount.google.com a dogon layin sama, ku shiga da adireshinku da kalmar sirrinku ta kullum. A nan kaɗai ake amfani da ta kullum. Ku shiga Security, ku nemo 2-Step Verification, ku kunna. Za a nemi lambar wayarku, a turo muku lambobi 6 ta saƙon tes, ku kwafe su a akwatin. Wayar ta kasance a hannunku, kuma layin ya zama naku. Wata baiwar Allah mai ɗinki daga Pantami ta sa lambar ƙaninta da yake Kumo, muka zauna muna jiran saƙon da ya riga ya sauka a wani gari. Na ce mata, "Hajiya, akwatinki ne, layinki za ki sa."

Bayan haka ku koma dogon layin sama ku rubuta myaccount.google.com/apppasswords, ku latsa Enter. Za a nemi ku ba manhajar suna, ku rubuta duk abin da za ku gane, misali kwamfutar gida, ku latsa Create. Haruffa 16 za su fito, an raba su gida huɗu, kowane gida haruffa huɗu. Kada ku rufe wannan akwati. Ku ɗauki biro ku rubuta haruffan a littafinku, gida bayan gida, sannan ku ɗora yatsa a kan allo ku karanta su ɗaya bayan ɗaya kuna gwadawa da abin da kuka rubuta. Ku ƙirga: idan 15 ne ko 17, akwai kuskure. Ku lura da q da g, da kuma i da l, domin suna kama da juna a idon wanda bai daɗe da fara karatun boko ba, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Sau ɗaya tak Google yake nuna kalmar. Idan kun rufe kafin ku rubuta, ba ta dawowa, sai dai ku yi wata sabuwa, kuma yin sabuwar ba laifi ba ne, ba a biyan ko kwabo.

Yanzu kuna da kalmomin sirri biyu. Ta kullum ta waya ce da burauza. Mai haruffa 16 ta Windows Live Mail ce. Ku rubuta wannan a saman shafin littafinku da manyan baƙaƙe. Dattijon da na ambata ya rubuta haruffansa da kyakkyawan rubutun akawu, ya ja layi a ƙarƙashinsu da rula, amma da manhajar ta nemi kalmar sirri sai yatsunsa suka buga wadda suka saba bugawa shekara da shekaru. Sau huɗu akwatin yana dawowa. Da na tsaya a bayansa na ce, "Baba, a duba littafi," nan take wasiƙu suka fara sauka.

Na faɗi wannan a aji, na rubuta a allo, na sa an maimaita da baki, amma har yanzu ana zuwa mini da kukan cewa manhajar ta lalace. Ba ta lalace ba. Idan akwatin neman kalmar sirri yana dawowa, ku daina buga tsohuwar kalmar kuna ƙara ƙarfin yatsa, domin ko sau ɗari kuka buga ba za ta buɗe ba. Kuma wanda ya zo aji ya bar littafinsa a gida, ya ce ya haddace haruffan, ya sani cewa lokacin 'yan'uwansa yake ci. Ku zo da littafi. Haka nan kada ku ba yaron shago ko maƙwabci wannan kalma, domin duk wanda ya riƙe ta zai iya karanta wasiƙunku. Ku kuma sani cewa ranar da kuka canza kalmar sirrinku ta kullum, Google yana soke mai haruffa 16, sai kun koma kun karɓo sabuwa. Masu Yahoo su ma irin wannan kalma ta musamman suke bukata, kuma a shafin tsaron akwatinsu ake karɓarta.

Darasi na Huɗu: Cike adireshin uwar-garke

Ku buɗe Windows Live Mail, ku latsa Accounts a sama, sannan Email. A layin farko ku rubuta cikakken adireshinku. A layi na biyu ku rubuta kalmar sirri mai haruffa 16, a haɗe, ba tazara tsakanin gidajen. Mai haruffa 16, ba ta kullum ba. Ku rubuta sunanku a layi na uku, ku sa alama a akwatin Manually configure server settings, ku latsa Next.

A nan za ku cike adireshin uwar-garke, wato babbar kwamfutar Google da wasiƙunku suke bi ta cikinta. Ɓangaren hagu na wasiƙu masu shigowa ne. Ku zaɓi IMAP, domin shi yake barin wasiƙunku a wajen Google yadda wayarku ma za ta ci gaba da ganin su. Adireshin shi ne imap.gmail.com, lambar ƙofa, wato Port, 993, kuma ku sa alama a akwatin da yake da SSL. A layin Logon user name ku cika adireshinku har da @gmail.com. Ɓangaren dama na masu fita ne: smtp.gmail.com, lambar ƙofa 465, kuma akwatunan da suke ƙasa guda biyu duka a sa musu alama. Wanda ya manta na biyun zai riƙa karɓar wasiƙa amma tasa ba za ta fita ba. Ku aika wa kanku wasiƙa domin gwaji. Idan an nemi kalmar sirri, kun san wadda za ku sa.

Darasi na Biyar: Dawo da tsofaffin wasiƙu

Ku soka filashin, ku latsa File, sannan Import messages, ku zaɓi Windows Live Mail, ku nuna mata foldar da kuka kwafo. Wasiƙun za su bayyana a gefen hagu ƙarƙashin Storage folders. Wanda ya taso daga Outlook Express ta zamanin Windows XP, ita ba ta tashi a sabuwar Windows, amma ana shigo da wasiƙunta ta wannan hanya idan an zaɓi sunanta a jerin.

Darasi na Shida: Masu Hotmail da Outlook.com

Tun ranar 16 ga Satumba, 2024, Microsoft ta rufe wa tsofaffin manhajoji hanyar shiga waɗannan akwatuna, saboda haka darussan da suka gabata ba za su yi muku aiki ba. Ku ɗora wata manhajar imel mai suna Thunderbird, kyauta ce, kuma ana samun ta a thunderbird.net. Ku zo da kwamfutar da wayarku aji ranar Asabar mu ɗora tare.